Kafin a Damƙa wa Mutum Jari: Yadda Ake Gane Ɗan Kasuwa Na Gaske

A watan Disamba na 2016, attajirin nan na Japan, Masayoshi Son, mai kamfanin SoftBank, ya leƙa hedkwatar wani kamfanin ba da hayar ofisoshi mai suna WeWork a birnin New York. Ya iso a makare, ya ce minti 12 kacal yake da su. Aka zagaya da shi a gurguje. Da zai tafi sai ya ce wa shugaban kamfanin, Adam Neumann, ya shigo mota su ƙarasa magana a hanya. A kujerar baya Son ya zana yarjejeniya a kan iPad ɗinsa. Abin da wannan tafiyar mota ta haifar shi ne jarin dala biliyan 4.4, wanda aka sanar a 2017.

Son yana da dalilin yarda da idonsa. A ƙarshen 1999 ya zauna na 'yan mintoci a Beijing da wani tsohon malamin Turanci mai suna Jack Ma, wanda kamfaninsa na ciniki ta intanet, Alibaba, bai fara samun kuɗin shiga ba. Son ya sha faɗa daga baya cewa Ma ba shi da wani rubutaccen tsarin kasuwanci, amma idanunsa suna ƙyalli, kuma abin da ya ja shi ke nan. A farkon 2000 ya zuba dala miliyan 20. Lokacin da Alibaba ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a 2014, kason SoftBank ya kai kimanin dala biliyan 60. WeWork kuwa, an yi masa ƙimar dala biliyan 47 a watan Janairun 2019, kafin shekarar ta ƙare an tunɓuke Neumann, a watan Nuwamban 2023 kamfanin ya garzaya kotu ya bayyana karyewarsa.

Mutum ɗaya ne, ido ɗaya, gaggawa iri ɗaya. Duk wanda ya taɓa ba wani kuɗi ya juya, ko yake neman wanda zai ba shi, ya kamata wannan labari ya tsaya masa a rai.

Sai an fara gane bambancin mai jari da banki kafin a gane me ya sa yake ƙura wa mutum ido haka. Banki bashi yake bayarwa, ya riƙe takardar gida ko ta fili, kasuwa ta yi kyau ko ta lalace kuɗinsa na nan. Mai jari ba ya riƙe jingina. Riba ta zo a raba, asara ta zo ta hau kansa. Mu wannan ba baƙon abu ba ne, domin shi ne ƙiradin da malamanmu suke karantarwa a zaure: wani ya kawo dukiya, wani ya kawo ƙarfinsa da basirarsa, a yanka kason riba tun farko, idan aka faɗi ba tare da sakaci ko ha'inci ba, mai dukiya ya yi asarar kuɗinsa, mai juyawa ya yi asarar guminsa. A irin wannan tsari, jinginar da mai kuɗi yake da ita ita ce halin wanda ya ba. Masu jarin kasada na Amurka, waɗanda suke sayen kaso a ƙananan kamfanonin da ba su tsaya da ƙafarsu ba, a kan wannan tabarmar suke zaune. Wasu malaman jami'o'in Harvard, Chicago, Stanford da British Columbia sun tambayi irin waɗannan masu jari su 885 abin da suka fi dubawa. Kashi 95 cikin 100 sun ambaci mutanen da ke jan ragamar kamfanin, kashi 47 kuma sun ce su ne abu mafi muhimmanci, gaba da hajar da ake sayarwa, gaba da girman kasuwar. A cikin kowane kamfani 100 da suka duba, kusan ɗaya suke ba kuɗi, kuma kafin su ba shi sukan tuntuɓi kimanin mutum 10 da suka san mai kamfanin.

Wannan adadi na ƙarshe ya fi sauran nauyi a wurina. Mutum 10 da suka san shi. Tambayar mutane ita ce ainihin aikin, kuma ita ce minti 12 ba sa ba da damar yi.

An ruwaito cewa wani mutum ya zo ba da shaida a gaban Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, sai Umar ya nemi wanda ya san shi. Wani ya miƙe ya ce shi ya san shi da adalci. Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne na kusa, wanda ya san darensa da ranarsa, shigarsa da fitarsa. Ya ce a'a. Ko kun taɓa mu'amala ta dinari da dirhami? A'a. Ko kun taɓa tafiya tare? A'a. Umar ya ce ai ba ka san shi ba. Maƙwabtaka, kuɗi, tafiya: wurare uku da mutum ba ya iya riƙe kwalliyarsa har ƙarshe. Nana Khadija ma, Allah Ya ƙara mata yarda, da ta ji labarin gaskiya da amanar Annabi (SAW) ta damƙa masa dukiyarta zuwa Sham, ta haɗa shi da yaronta Maisara, kuma abin da Maisara ya gani a tafiyar da cinikin shi ya dawo ya ba ta labari. Duk abin da manyan kamfanonin jari suke kira bincike a yau, da lauyoyinsu da akantocinsu, ƙoƙari ne na samun amsar waɗannan tambayoyi daga bakin waɗanda suka zauna da mutumin.

Na ga yadda ake yin wannan da idona a shagon wani kawuna mai sayar da atamfa a Kantin Kwari. Samari biyu suka zo masa a mako ɗaya, kowa da wanda ya turo shi, kowa yana son a ɗora masa kaya ya riƙa kaiwa kasuwannin ƙauye. Na farko yana da baki. Duk abin da kawu ya tambaya, amsar ɗaya ce: "Alhaji, harkar akwai alheri sosai, in sha Allahu kafin salla kuɗinka sun ninka." Na biyu da ƙyar ake jin muryarsa.

"Ɗana, turmi nawa kake sayarwa a kasuwa ɗaya?"

"Baba, Wudil ranar Juma'a bakwai zuwa tara. In an yi ruwa, huɗu. Dambatta ranar Lahadi ba ta kai Wudil ba, amma sun fi biya a hannu."

"Bayan kuɗin mota da na rumfa da abincinka, me ke saura a turmi?"

Ya faɗa, har da canji.

"Wa ke bin ka bashi?"

Ya ɗan yi shiru, sannan ya ambaci mutum biyu da abin da kowannensu yake bin sa, da ranar da ya yi alkawarin biya. Washegari kawu ya aika a tambayi mutanen biyu, aka tarar lissafin daidai. Yaron turmi 50 ya nema, aka ba shi 10. A mako na uku ruwa ya jiƙa masa turmi biyu a bayan mota, launi ya zuba. Da sassafen Asabar, kafin a gama buɗe shago, yana tsaye da su a hannu yana bayani, ba wanda ya tambaye shi. Ranar kawu ya ƙara masa kaya. Da na tambayi dalili, tunda asara ya kawo, sai ya ce wanda ya kawo maka labarin asara da ƙafarsa tun tana ƙarama, shi ne za ka iya barci kayanka na hannunsa.

Abubuwa da yawa suna cikin wannan ɗan zama, kuma su ne masu jari na ƙwarai suke nema ko'ina. Ɗan kasuwa na gaske ya san lissafinsa a ka, domin da shi yake kwana yake tashi. Ya san abokan cinikinsa har ya san waɗanda suke biya a hannu da waɗanda suke ja. Yana bambanta ciniki da riba, yana bambanta riba da uwar kuɗi. Yana faɗin abin da ba ya so a ji. Mai kwaikwayo kuwa, da ka matsa masa a kan adadi sai ya zame ya koma maganar gobe. Ita kanta dabarar ba da 10 a maimakon 50 ita ce masu jarin kasada suke bi, suna sakin kuɗi zango-zango: a ba ka kaɗan, ka kai wani mataki da aka yi alkawari, sannan a ƙara. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gara a gwada da abin da in ya salwanta ba zai karya ka ba.

Akwai wata alama da ta fi wuyar ƙirƙira, wato abin da mutum ya riga ya yi tun ba wanda ya ba shi ko sisi. A 2007 wasu samari biyu a San Francisco, Brian Chesky da Joe Gebbia, kuɗin haya ya gagare su, suka shimfiɗa katifun da ake hura wa iska a falonsu suka karɓi baƙi uku da suka rasa otal. Daga nan Airbnb, shafin intanet da masu gida suke ba matafiya hayar ɗaki, ya samo asali. A 2008 an haɗa su da masu jari bakwai, suna neman dala 150,000 a kan kashi 10 na kamfanin. Biyar suka ce a'a, biyu ko amsa ba su bayar ba. Ga bashi ya yi musu katutu. Lokacin ana yaƙin neman zaɓe tsakanin Obama da McCain, sai suka sayo hatsin karin kumallo mai arha, suka buga kwalaye masu hoton 'yan takarar biyu, suka liƙe su da hannunsu, suka sayar da kowane kwali dala 40. Suka tara kusan dala 30,000. Da suka je gaban Paul Graham na Y Combinator, cibiyar da ke ba sababbin kamfanoni jarin farawa, shi ma bai ga hikimar a ce mutum ya kwana a gidan wanda bai sani ba. Suna shirin fita Gebbia ya ciro kwali ɗaya ya nuna masa. Graham ya ce ai ku kyankyasai ne, ba ku mutuwa, kuma yabo yake nufi. Ya ba su dala 20,000 a farkon 2009. Da ya ji cewa yawancin masu amfani da shafinsu a New York suke, ya ce su tashi su je su same su. Suka je, suna bi gida-gida da kyamara suna ɗaukar hoton ɗakuna da kansu. Ranar da kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari a Disambar 2020, ƙimarsa ta kai kusan dala biliyan 100.

Graham bai hango otal ɗin duniya a idonsu ba. Ya ga kwali, wanda hujja ce da za a iya taɓawa cewa waɗannan mutane an rufe musu ƙofa sun nemi taga. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare, kuma su miyarsu ta riga ta ƙare a gaban kowa. Shi ya sa idan saurayi ya ce mini yana da babban tunani, jari kawai yake jira ya fara, nakan tambaye shi me ya sayar a watan jiya, ko da na naira dubu biyar ne.

Inda abin yake rikicewa shi ne, mai damfara da mai buri na gaskiya kama ɗaya suke yi daga nesa. Dukansu suna da ƙarfin hali, dukansu suna magana a kan abin da bai wanzu ba tukuna kamar sun gan shi. Elizabeth Holmes ta bar Jami'ar Stanford tana da shekara 19 ta kafa Theranos a 2003, ta ce na'urarta za ta yi ɗaruruwan gwaje-gwaje da ɗigon jini daga yatsa. Ta tara a kwamitin daraktocinta tsofaffin sakatarorin harkokin wajen Amurka biyu, Henry Kissinger da George Shultz. Attajirin kafofin yaɗa labarai Rupert Murdoch ya zuba dala miliyan 125. An yi wa kamfanin ƙimar dala biliyan 9. Kowane attajiri ya ga sunan wanda ya riga shi, ya ɗauka wancan ya yi bincike. Amma Bill Maris, wanda ke shugabantar reshen zuba jari na Google a lokacin, ya ce su ma'aikacinsu suka tura wani kantin magani na Walgreens inda ake gwajin, ya je a matsayin mai neman gwaji, sai aka nemi a ɗebi jininsa daga jijiya kamar yadda kowane asibiti yake yi. Gani ya kori ji, suka riƙe kuɗinsu. Jaridar Wall Street Journal ta tona asirin a Oktoban 2015, a 2022 kotu ta samu Holmes da laifin damfarar masu jari, aka yanke mata ɗaurin shekara 11 da wata uku. Wanda ya tuna yadda MMM ta tafi da kuɗin mutane a Najeriya a ƙarshen 2016 ya san wannan ciwo: mafi yawan waɗanda suka shiga hujjarsu ita ce wane ma ya shiga.

Na WeWork bai kai ga kotun laifi ba, amma alamun suna nan a fili ga mai son gani. Da kamfanin ya buɗe littattafansa a Agustan 2019 don shiga kasuwar hannun jari, sai aka ga a 2018 ya samu dala biliyan 1.8, ya yi asarar biliyan 1.9. Aka ga Neumann yana da kaso a gine-ginen da kamfanin nasa yake haya. Aka ga ya karɓi hannun jari na dala miliyan 5.9 a matsayin kuɗin kalmar "We" da ya sayar wa kamfanin, abin da ya mayar bayan an yi ca a kansa. A kasuwarmu wannan yana da suna: yaron shagon da bai bambanta aljihunsa da akwatin ciniki ba. Duk ɗan Kwari zai gane shi a mako guda. Son da kansa ya amsa a Nuwamban 2019 cewa hukuncinsa a wannan jari bai yi kyau ba.

Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda wannan dogaro da ido yake zalunta. Idan mai jari ya ce zuciyarsa ce ta kwanta da wani, sau da yawa abin da ya faru shi ne ya ga mai kama da shi, ko mai kama da wanda ya taɓa cin riba da shi. An daɗe ana ɗauka cewa mai kafa babban kamfani yaro ne ɗan ashirin da ya bar jami'a. Wani bincike da aka yi da bayanan hukumar ƙidayar Amurka a kan mutum miliyan 2.7 da suka kafa kamfanoni ya nuna cewa waɗanda kamfanoninsu suka fi saurin bunƙasa matsakaicin shekarunsu 45 ne lokacin kafawa, kuma wanda ya taɓa aiki a fannin ya fi baƙo samun nasara. Wani binciken a kan tambayoyin da aka yi wa kamfanoni 189 a gasar TechCrunch Disrupt ta New York ya gano cewa kusan kashi biyu cikin uku na tambayoyin da ake yi wa maza a kan yadda za su ci riba ne, kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ake yi wa mata kuma a kan yadda za su kauce wa asara. Tun daga tambaya an raba hanya. Ina tunanin matar da ta shekara 15 tana ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a cikin gida, ta san farashin buhu a Dawanau kowane mako, ba ta taɓa cin adashin kowa ba, ta aurar da 'ya'ya da sana'ar. Idan ma'aunin shi ne tsayawa a gaban majigi a yi Turanci na minti biyar, ba ta ko shiga layi. Idan ma'aunin tambayoyin Sayyidina Umar ne, unguwa guda za ta tsaya mata.

Kada kuma a ɗauka kirki kaɗai ya isa. Mutumin kirki yana iya riƙe sana'ar da kasuwarta ta mutu, ya yi ta haƙuri har jarin ya narke. Masana a Amurka sun daɗe suna muhawara a kan ko mahayi za a duba ko doki, wato mutumin ko sana'ar, kuma wani nazari a kan kamfanoni 50 da suka girma har suka shiga kasuwar hannun jari ya nuna cewa sana'ar ba ta cika sauyawa ba, shugabannin ne ake yawan sauyawa a hanya. Ni abin da na fahimta shi ne, zaɓen doki ma yana cikin halin mahayi. Ɗan kasuwa na gaske yana da taurin kai a kan inda za shi, amma kunnensa a buɗe yake ga abin da masu saye suke faɗa. Idan kasuwa ta nuna masa kayan ba sa tafiya, ba ya rantsuwa cewa mutane ne ba su waye ba. Mai jari yana gwada wannan ta hanyar kawo suka mai ƙarfi a kan shirin, ya zuba ido. Wani ya fusata, wani ya rushe nan take ya yarda da komai, wani kuma ya tsaya ya ware inda sukar ta yi daidai da inda ba ta yi ba, ya kawo hujja. Na ukun ake nema.

Ko labarin Jack Ma ɗin, idan aka koma aka duba, ƙyallin ido shi ne mafi ƙanƙantar hujjar da ke ƙasa a ranar. Kafin ya gamu da Son, Ma ya kafa ofishin fassara a Hangzhou a 1994, ya kafa China Pages a 1995 ya rasa ikonsa a hannun abokin haɗin gwiwa, ya je Beijing ya yi wa ma'aikatar kasuwanci aikin intanet, ya dawo gida. Mutum 17 suka bi shi suka fara Alibaba a ɗakinsa a 1999 da kuɗin da suka harhaɗa daga aljihunsu. Wani lauya mai suna Joe Tsai ya ajiye aikinsa mai tsoka a Hong Kong ya zo ya tsara musu takardu da lissafi a kan albashin da bai taka kara ya karya ba. Bankin Goldman Sachs na Amurka ya riga ya jagoranci zuba dala miliyan 5 a watan Oktoban shekarar. Waɗanda suka yi tafiya da shi, suka yi mu'amalar kuɗi da shi, suka ga faɗuwarsa, su ne suka zauna tare da shi.

Sannan akwai abin da Neumann da Ma kowannensu ya yi da aka ajiye masa kuɗi a gaba. Son ya gaya wa Neumann cewa haukarsa ba ta isa ba, ya ƙara buri, Neumann ya karɓi biliyoyin ya bazama buɗe ofisoshi a birane fiye da 100. Shi kuwa Jack Ma, Son ya yi masa tayin abin da ya haura dala miliyan 20, Ma ya ce kuɗin sun yi wa kamfaninsa yawa a matakin da yake, ya rage.